Baƙo da Harshen Masu Gari

A shekarun baya idan aka ce ɗan wani gida a Abakpa ya tafi ƙasar waje, hankalin kowa yakan tafi Ingila ko Amurka, inda Turancin da ya koya a makaranta zai ishe shi. Yanzu hanyoyi sun ƙaru. Daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu akwai waɗanda ƙafa ta kai su Sifaniya, wasu don karatu, wasu don aikin gona ko gini ko kula da tsofaffi, wasu kuwa don hidimar Ikilisiya. Duk sa'ad da suka bugo waya, tambayoyin gida sanannu ne: ka sami aiki? Takardu sun fito? Yaya sanyi? Akwai wata tambaya da ta cancanci shiga cikin jerin nan, ita ce: wane ne maƙwabcinka, kuma da wane baki kake gaishe shi?

Abin da muke so mu auna tare shi ne wannan: shin koyon harshen masu gari wajibi ne da ya rataya a wuyan baƙo, ko kuwa dabara ce ta neman abinci, wadda mutum zai tsinci iya abin da yake bukata ya bar saura? A ganinmu wajibi ne, kuma bashi ne da ake biya kaɗan-kaɗan kowace rana. Za mu kawo dalilanmu, za mu kuma saurari hujjojin masu ganin an matsa wa baƙo da yawa.

Yadda zaman yake

Wanda ya sauka Madrid ko Balensiya ko Malaga, abu na farko da zai gane shi ne Turancinsa ba zai kai shi nesa ba. A shagon burodi, a cikin bas, a ɗakin likita, da Sifaniyanci ake magana. Matakin farko na zama shi ne ya je ofishin ƙaramar hukuma a rubuta sunansa a littafin mazauna gari, wanda suke kira padrón. Wannan rajista ce ake nema idan za a sa yaro makaranta ko a nemi katin asibiti. Duk wanda sunansa ya shiga littafin, doka tana kiransa vecino. Kalmar nan kuwa ma'ana biyu gare ta: mazaunin gari, da kuma maƙwabci. Ta farko ana samun ta da takarda a rana ɗaya. Ta biyun sai mutanen layi sun ga dama sun ba ka, wani lokaci bayan shekaru.

Tsarin yini ma daban yake. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuwa ƙarfe 9 ko 10. Idan an gama ci ba a tashi nan da nan, akan zauna a teburi ana hira, har suna da suna na musamman ga wannan zama, wato sobremesa. Da yamma tsofaffi sukan fito dandalin unguwa su zauna a kan benci, yara na wasa a gabansu. A waɗannan wurare biyu ake sanin mutum, kuma duka biyun wuraren magana ne.

Gaisuwarsu gajera ce. Mu da muka saba da ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, sai mu ji an ce buenos días an wuce, mu ɗauka ba a son mutane. Su kuma idan suka ga saurayinmu ya sunkuyar da kai a gaban babba, ba ya kallon idonsa, suna iya zaton yana ɓoye wani abu, alhali shi ladabi yake yi. Kowane ɓangare yana karanta ɗan'uwansa da ma'aunin gidansu, kuma babu mai warware wannan sai magana. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce baƙo ko da ido makaho ne.

Doka ma tana da nata sharaɗi. Tun daga 2015, mai neman zama ɗan ƙasar Sifaniya ta hanyar daɗewa a cikinta sai ya ci jarrabawa biyu a ƙarƙashin Cibiyar Cervantes, wadda aka kafa a 1991: ta harshe a matakin da ake kira A2, da ta sanin tsarin mulki da al'adun ƙasa mai tambayoyi 25. Ɗan Nijeriya kuma sai ya yi shekara 10 yana zaune bisa ƙa'ida kafin ya nema. Amma matakin A2 na sayen kaya ne da tambayar hanya. Doka ta tsaya a nan domin iyakar abin da za ta iya aunawa ke nan. Lamiri yana neman fiye da haka.

Harshen ba baƙo ba ne ƙwarai

Kafin mu ci gaba, bari mu kwantar da hankalin mai jin tsoro. Mai jin Hausa yana da jari a hannu tun kafin ya buɗe littafi. Wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda ake rubuta kalma haka ake faɗinta. Sunaye suna da jinsin namiji da na mace kamar a Hausa, har ma yawancin na mace da harafin a suke ƙarewa, abin da yake wahalar da mai jin Turanci kaɗai. Suna da "r" iri biyu kamar yadda muke da su, sai dai a kula: pero shi ne "amma", perro kuwa "kare". Inda gumi yake shi ne wurin aikatau, domin yakan sauya kama bisa ga mai yi da lokacin yi.

Akwai kuma tsohuwar dangantaka. Daga shekarar 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar da suka kira Andalus, sai Larabci ya bar kalmomi masu yawa a bakin mutanen wurin, kamar yadda ya bari a namu. Shugaban ƙaramar hukuma a can alcalde ne, tushensa ɗaya da alƙali. Azúcar shi ne sukari, aceituna ɗan zaitun, hasta kuwa ita ce hatta. Idan suna fatan wani abu sukan ce ojalá, wadda asalinta kiran sunan Allah ne a kan abin da ake fata. Wani haifaffen Garanada ma, al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara a littafinsa da aka buga a 1550. Ashe wanda ya tashi daga Kaduna ya tafi can, ya je wurin da aka taɓa jin sunan ƙasarsa. Harshen kuma ƙofa ce mai faɗi, domin kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a baki, daga Sifaniya zuwa Meziko da Ajantina.

Dalilin da ya sa muka ce bashi ne

Na farko, baƙo yana cin abin da bai shuka ba. Ya tarar da hanya a shimfiɗe, asibiti a gine, da zaman lafiyar da wasu suka sha wuya kafin su same shi. Haraji da ƙwazon aiki suna biyan wani kashi na wannan. Saura kuwa godiya ce da girmamawa, su kuma sai an furta su da bakin da mai gida yake ji. Wanda ya shekara 10 a gidan mutum bai koyi yadda ake gaishe shi ba, ya faɗa masa wata magana ko da bai buɗe baki ba, maganar kuwa ita ce: kayanka nake so, kai ban damu da kai ba.

Na biyu, baƙon da ba ya magana yana barin mutane su yi ta zato a kansa. Tsohuwar da ke haɗuwa da shi a matakala kullum ba ta san ko shi ɗalibi ne, ko uban yara uku, ko mai wa'azi ba. Abin da ba ta sani ba za ta cike shi da abin da ta ji a talabijin game da baƙaƙen fata ko 'yan Nijeriya. Ran da ya tsaya ya ɗaukar mata jaka, ya faɗa mata sunansa, ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya fita daga cikin "su" ya zama wane. Amfanin wannan bai tsaya a kansa ba. Ɗan'uwansa da zai zo neman hayar ɗaki a wannan bene bayan shekara biyu zai ci albarkacinsa, ko kuwa ya girbi shirunsa.

Na uku, koyon harshe makarantar tawali'u ce. Mutum mai digiri, wanda ake saurarensa idan ya tashi a taron unguwa, sai ya koma kamar yaron da ke koyon tafiya, yana so ya ce "amma" yana cewa "kare", yara na dariya. Da yawa a nan suke tsayawa, kuma girman kai ne yake tsayar da su fiye da wuyar nahawu. Amma wanda ya yarda mai shagon burodi ya gyara masa kalma, ya yi dariya tare da shi, ya ba mutumin damar yi masa alheri. Abota da yawa daga irin wannan gyara take farawa. Matambayi ba ya ɓata.

Ban da waɗannan, akwai haƙƙin iyalinsa a kansa. Wanda ba ya jin harshe yakan sa hannu a kwantiragin da bai karanta ba. Idan ciwo ya zo, ɗansa ɗan shekara 9 ne zai zama tafinta tsakanin uwa da likita, ya ji abin da bai kamata yaro ya ji ba. Uban da ba ya iya karanta wasiƙar malamin makaranta, a hankali ragamar gida takan zame daga hannunsa.

Darasin Panya

Wannan ba shi ne karo na farko da 'yan Nijeriya suka zauna a ƙarƙashin Sifaniyanci ba. A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin Sifaniya don kai lebarori gonakin koko na tsibirin Fanando Po, wanda yau ake kira Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Mutane suka riƙa kiran wurin Panya, daga sunan España. Dubun dubata suka tafi, yawancinsu daga gabashin ƙasar nan, kuma akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka zauna a can. Lebarorin suna kwana a barikokin gona, suna harka da Turancin buroka, alhali kotu da ofis da takardun kwantiragi na masu Sifaniyanci ne. Bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1968, zalunci ya tsananta a zamanin Macías Nguema, har gwamnatin Nijeriya ta kwaso mutanenta a 1975 da 1976.

Ba mu ce da sun iya harshen da azzalumi ya ƙyale su ba, gama shi bai ƙyale 'yan ƙasarsa ba ma. Laifin yana kan masu zalunci. Abin lura shi ne tsarin da ya ware su a bariki, nesa da gari da harshen hukuma, shi ne ya sa cutar su ta yi sauƙi. Yau barikin yana iya zama wayar da ke aljihu. Mutum yana Balensiya da jikinsa, kunnensa kuwa yana Kaduna daga safe har dare, abokansa duka 'yan gida, shagonsa na 'yan gida, Misa ma sai wadda ake yi da Turanci. Babu laifi a neman 'yan'uwa, kewar gida gaskiya ce, zango kuma tsohuwar hikima ce ta matafiya. Amma an yi zango don a huta a shiga gari. Wanda ya mai da shi ganuwa, da hannunsa ya gina wa kansa abin da aka gina wa mutanen Panya da ƙarfi.

Abin da masu ja suke cewa

Wani zai ce: mutumin da ya yini yana tsinkar tumatir a cikin zafin rumfunan leda na Almeriya, ina ya ga ƙarfin zuwa aji da dare? Wannan magana ce mai nauyi. Amsarmu ita ce kowane wajibi gwargwadon iko yake. Ba a ce kowa ya zama malami ba. Gaisuwa, da sanin sunayen mutum biyar a layi, da kalmomin ta'aziyya da na barka, ba su fi ƙarfin kowa ba. Ƙungiyoyi irin su Cáritas da Cruz Roja suna koyar da baƙi kyauta a garuruwa da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Haka kuma bashin yana da ɓangare biyu, domin mai gida ma wajibinsa ne ya sassauta magana, ya yi haƙuri da mai in'ina, ya bar wa ma'aikacinsa lokacin koyo.

Wani kuma zai ce: idan muka rungumi harshensu, 'ya'yanmu za su manta namu. Haɗarin yana nan, amma maganinsa a cikin gida yake. Mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin cewa baki ɗaya yana ɗaukar harshe uku. Yaro yana jin Jju ko Tyap ko Gbagyi ko Ibo a ɗakin uwarsa, Hausa a layi, Turanci a aji, bai kuwa rikice ba. Sifaniya kanta haka take, gama tsarin mulkinta na 1978 ya amince da harsunan yankuna, shi ya sa yaro a Barsalona yake tashi da Kataloniyanci da Sifaniyanci tare. Harshen gida yakan mutu ne ran da iyaye suka daina yin sa a bakin murhu.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: ko ka iya harshen kamar ɗan gari, akwai wanda launin fatarka kaɗai zai gani. Gaskiya ne. Mutanen Kudancin Amurka da suka tashi da Sifaniyanci tun daga nono, su ma sukan gamu da raini a can. Wannan ya kawo mu ga iyakar abin da harshe zai iya yi.

Wata ɗaya, gari biyu

A farkon Fabrairun 2000, a garin El Ejido na lardin Almeriya, bayan kisan wasu 'yan gari uku da aka ɗora a kan baƙi 'yan Maroko, jama'a suka far wa ma'aikatan gona baƙi, aka ƙona matsugunansu, aka farfasa shagunansu. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan a bukkoki suke kwana tsakanin gonaki, nesa da gari. An san hannuwansu, ba a san sunayensu ba. Laifin mutum kaɗan ya hau kan dubbai.

Kafin wannan wata ya ƙare, Kaduna ta kama da wuta. Ba sai mun tuna wa kowa abin da ya faru a Fabrairun 2000 ba, ko abin da ya sake faruwa a Nuwamban 2002, da yadda iyalai suka kwashe kaya, waɗansu suka haye kudancin kogi, waɗansu suka hayo arewa. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne a Kaduna babu wanda ya bukaci tafinta. Da Hausa aka yi barazana, da Hausa aka yi kuka, da Hausa kuma waɗansu suka ɓoye maƙwabtansu na wani addini a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Harshe ɗaya ne a bakin kowa. Bambancin mai ɓoyewa da mai farauta shi ne ɗaya ya yi shekaru yana amfani da harshen wajen sanin mutumin da ke bayan katangarsa.

Saboda haka idan muka ce baƙo ya koyi harshen masu gari, nufinmu ya wuce nahawu da cin jarrabawa. Harshe ƙofa ce, kuma ana iya tsayawa a bakin ƙofa har mutuwa. Bashin yana biyuwa ne sa'ad da mutum ya shiga: ya je jana'izar maƙwabci, ya amsa gayyatar cin abinci ya zauna har a gama hira, ya kai wa na kusa da shi ɗanɗanon tuwonsa ran biki. Zumunta a ƙafa take.

Abin da ya rage gare mu a Abakpa

Kaduna garin baƙi ne tun asali. Tun da aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da aikin soja da aikin gwamnati, daga baya kuma masaƙun Kakuri, suka tara mutane daga kowace kusurwa. Abakpa da ke jikin tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta ga irin wannan taro tun da daɗewa. Iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu sun zo ba su jin Hausa. Sun koya a kasuwa da bakin famfo, an yi musu dariya, an gyara musu, wani ya yi haƙuri da su. Wannan takarda da kuke karantawa da Hausa 'ya'yan wancan haƙuri ce. Abin da muke nema daga 'ya'yanmu a Sifaniya, iyayensu sun riga sun yi shi a nan.

Don haka ga iyaye muna cewa: idan yaro ya bugo waya, bayan an tambayi aiki da takardu, a tambaye shi sunan maƙwabcinsa, a tambaye shi gidan ɗan gari nawa ya taɓa shiga. Ya san cewa a gida ana auna nasararsa da wannan ma, ba da abin da yake aikowa kaɗai ba. Ga matasa masu shirin tafiya ta hanyar da doka ta yarda, a fara koyo tun daga nan, ko da kalma goma ce a rana. Ga waɗanda suke can, a riƙa zuwa cocin unguwa ko da rabin wa'azin ne ake ganewa, a shiga taron iyayen yara a makaranta, a zauna a bencin dandali tare da tsofaffi, gama su ne malaman da ba sa gajiya da maimaita magana.

Mu kuma da muke gida, mu ne masu gari ga wasu. Akwai mai bautar ƙasa daga kudu da ke in'ina da Hausa a kasuwa, akwai iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu, akwai ɗan Nijar mai sayar da shayi a bakin titi. Yadda muke roƙon wata tsohuwa a Malaga ta sassauta magana saboda ɗanmu, haka wata uwa a wani wuri take roƙo a kanmu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ubangiji ya kiyaye matafiyanmu, ya buɗe musu baki da kunne, ya haɗa su da maƙwabta nagari, ya sa mu ma mu zama irinsu ga baƙin da ke cikinmu. Amin.